Waƙar Tafiyar Mama

Na sha jin kawunku Yohanna yana ba ku labarin nan duk Kirsimeti, bayan ya ci ya ƙoshi ya kwance bel. Wai uwarku ta kusa zama tauraruwa, wani mugun mai situdiyo a Kafanchan ya sace mata waƙa, shi ya sa ta ƙare a koyarwar firamare. Ku kuma ku yi ta kallona da tausayi, ni kuma in yi shiru in ci gaba da kwashe kwanuka. To, shirun ya isa haka. Ido ya fara gajiya, gwiwa ta fara ƙara, kuma na san halin kawunku, in na mutu sai ya ƙara wa labarin gishiri har ya ce na yi waƙa a gaban gwamna. An saci waƙa, wannan gaskiya ne. Amma in ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Waƙar ba tawa ba ce, kuma ba wanda ya fasa ƙofa ya ɗauke ta.

Kakarku Saratu, wadda ku ƙananan ba ku riska ba, manomiyar citta ce a ƙauyenmu da ke bayan Kwoi. Babanmu ya rasu muna ƙanana, da citta ta ciyar da mu, da citta ta kai ni makaranta. Ba ta taɓa riƙe alƙalami ba, ko sunanta ba ta iya ganewa a takarda, amma rabin waƙoƙin da zumuntar matan cocinmu ke yi daga bakinta suka fito. Tana tsaga citta tana gunguni, ranar Talata ta je zumunta ta koya wa mata, ranar Lahadi su ɗauki tulun kiɗa da caki su tayar da coci. Ba ta taɓa cewa waƙa tata ce ba. In ta bayar, ta bayar, har mu je biki a Fadan Kaje mu ji ana yin waƙarta an canja mata kai da gindi, ita kuwa dariya kawai take yi. Waƙa ɗaya ce ba a bayarwa. A zumuntarmu, mace mai yin waƙa takan yi wa kanta ta tafiya gida, ta koya wa 'yarta guda ɗaya, ba mai sake jin ta sai ranar da za a fito da akwatin gawarta daga ɗaki. A nan 'yar za ta tsaya a bakin ƙofa ta ja waƙar, mata su saurara, su kama amshin a karo na farko suna kuka. Daga ranar ta zama ta kowa. Amma jin farko na mai tafiya ne, shi ne kaɗai abin da take riƙe wa kanta a duniya.

Mu mata uku ne, ni Mama ta zaɓa, don ni ce mai murya, kuma ni ce mai rawar kai, wannan kuwa ba ta lissafa da shi ba. A lokacin ina karatun aikin jarida a Kaduna, na zo hutu. Muna kan dutsen da muke shanya citta da rana tsaka, hannuwanmu duk sun yi zafi, sai ta waiga hagu da dama kamar mai shirin sata.

"Alheri, aje wuƙan nan. Buɗe kunne."

Ta yi ta a hankali, da ƙaramar murya, tana kallon cittar ba ni ba.

Na gama shanya, rana ta yi,
ku kwashe mini, ni zan wuce.
Gida, gida, an bar mini ƙofa.

Baiti biyar ne, duk a kan aikin hannunta. Ba ta kai na uku ba na fara hawaye.

"Kar ki yi mini kuka, ban mutu ba tukuna," in ji ta. "Shekara da shekaru ina gyara shi. Ki sa shi a ciki, ki rufe. Ko mijin ki kar ya ji."

Na ce, "Mama, ko a mafarki ba zan yi ta ba."

Bayan hutun nan ne makaranta ta tura mu aikin sanin makama na wata shida, wanda ɗalibai ke kira aiti. Abokan karatuna suka nemi gidajen rediyo da jaridu. Ni kuwa raina na kan waƙa, aikin jaridar ma hanya ce kawai na ɗauke shi. A shekarun nan ba motar haya da za ka shiga daga Kafanchan zuwa Kujama ba ka ji kaset ɗin Sista Ladi ba, kuma kowa ya san Oga Bitrus ne ya fito da ita, daga mai sayar da lemo ta zama mai mota. Na ce in dai ya iya da mai lemo, me zai hana ni da na yi boko? Na kai takardata situdiyonsa da ke bayan tsohuwar tashar jirgin ƙasa, na sa riga mafi kyau da nake da ita. Ya karɓi takardar da littafin da zai riƙa sa mini hannu, ya jefa su a aljihun tebur, ya nuna mini tsintsiya.

Situdiyon da nake yi wa kallon aljanna ɗaki biyu ne da baranda. Na ciki an manna masa katifu da kwalayen ƙwai a bango don kar sauti ya fita, ba taga, in an rufe ƙofa sai warin zufa da na takalmi. Wata huɗu na yi ban taɓa makirfon ba sai in zan goge masa yawun wani. Ni ce shara, ni ce sayo ƙosai da kunu, ni ce naɗe takardun bangon kaset har yatsuna su yi baƙi. In Sista Ladi ta zo, ni ce mai riƙe mata jaka da ruwan ɗumi. Wata huɗu matar nan ba ta riƙe sunana ba, "ke 'yar aiti" take ce mini, ita da ke waƙar ƙaunar maƙwabci a gaban dubban mutane. Shi kuwa Oga Bitrus dattijon coci ne, ba ya fara aiki sai an yi addu'a, kuma ban taɓa ganin mutumin da ya iya rufe ido a addu'a ya buɗe shi a kan abin wani kamarsa ba. Duk mako sai in tuna masa ina da murya.

"Ki yi haƙuri, Alheri. Indastirin waƙa ba a shiga da gudu. Lokacin Allah shi ne lokaci."

Har yau in na ji mai kuɗi ya ce wa talaka lokacin Allah, sai in duba inda na ajiye jakata.

A wata na biyar ana haɗa sabon kaset ɗin Sista Ladi, saura waƙa ɗaya ta rufewa, duk wadda aka kawo sai Oga ya ce ba ta da jini. Wata ranar Alhamis da hantsi ina share barandar, ya fito yana tsaki ya gan ni.

"Ke da kike damu na da murya, murya. Oya, shigo. In kina da sabon abu, yau ne ranan ki."

Na shiga, ya rufe ƙofa, ya zauna bayan injinsa. Na yi masa waƙoƙin zumunta biyu na Mama, waɗanda ta riga ta bayar. Bai bar ni na kai ƙarshen ta biyu ba.

"Wannan ai kowane tsohuwa a ƙasarku ta Jaba ta san shi. Na ce sabo. Ba ki da shi? To, je ki ƙarasa sharan ki."

Ya miƙa hannu zai kashe injin. A nan ne na zame, 'ya'yana, ba a wani wuri ba. Na ga wata huɗu na shara, na ga kaina na koma makaranta abokaina na ba da labarin muryarsu a rediyo ni kuma ina da labarin ƙosai. Sai na ce wa zuciyata ai ɗakin nan a toshe yake, ko ƙuda ba ya jin abin da ake yi a ciki, gwajin murya ne kawai, mutum ɗaya ne zai ji, Mama kuma tana can bayan Kwoi. Kawunku yana cewa ban san ana ɗauka ba. Na sani. Wata huɗu ina goge injin nan, na san abin da jar fitilar take nufi in ta kama, kuma a kunne take ina kallonta. Na rufe ido na ja waƙar tun daga baiti na farko har na biyar. Ban taɓa yin waƙa da kyau kamar ranar ba, wannan ma yana cikin abin da ke ci mini rai.

Da na gama sai na ga ya cire abin kunnensa a hankali.

"Waƙan wane ne?"

Ko a lokacin ƙofar tsira a buɗe take. Da na ce ta mamana ce, ta jana'izarta ce, wataƙila ya ji tsoron Allah, ko aƙalla tsoron tsofaffin mata, wanda ya fi kama mutanenmu.

Na ce, "Tawa ce, Oga. Ni na yi ta."

Ya tafa hannu, ya kira ni 'yarsa, ya aika a sayo mini lemon kwalba. Na sha lemon nan ina jin kaina a sama. Kwana uku bayan haka na zo aiki da safe na tarar da mai kibod yana buga wani kiɗa mai sauri irin na rawar biki, Sista Ladi na tsaye gaban makirfon tana karkaɗa kafaɗa, kalmomin Mama na fita daga bakinta. An yanke baiti biyu, an cusa halleluya a tsakiya, an maimaita "gida, gida" har sau takwas don masu rawa su samu wurin juyi. Na ce wa Oga ai waƙar a hankali ake yin ta, kuma ni na ɗauka ni zan yi.

"Wa zai saya kuka? Mutane na da kuka a gida kyauta. Kuma wa ya san ki? Sunan Ladi ne ke sayar da kaset. Ki shiga baya ki yi amshi, haka kowa ya fara."

Na shiga baya. Mu huɗu ne a amshin, in kun kasa kunne sosai akwai wata siririyar murya a gefen hagu, ita ce duk abin da uwarku ta samu a harkar waƙa. Mako guda na yi ba na iya cin abinci, sannan na same shi shi kaɗai na durƙusa na gaya masa gaskiya duka, da dutsen shanya, da alkawarin, da abin da waƙar take nufi a wurinmu. Ya saurare ni har ƙarshe yana wasa da makullin mota.

"Ranan nan kin ce naki ne, yau kin ce na maman ki ne. Wanne ne ƙaryan? An riga an tura Legas, ana bugawa. Ki je ki gaya wa Mama waƙan ta zai yi wa Ubangiji aiki a duk Arewa, ta yi murna." Ya jawo aljihun tebur ya nuna mini littafina. "Saura wata ɗaya in sa miki hannu. Kar ki ɓata abin ki da kan ki."

Na tashi na kakkaɓe gwiwa. Ban tafi gida na faɗa wa Mama ba, ban je wurin fasto ba, ban ma fasa zuwa aiki ba. Da kwalayen kaset suka iso, ni na zauna a baranda na naɗe bangonsu ɗaya bayan ɗaya, hoton Sista Ladi ta ɗaga hannu sama, a ƙasa an rubuta cewa Oga Bitrus ne ya tsara waƙoƙin duka. Ina naɗewa ina roƙon Allah kaset ɗin ya ƙi kasuwa. Addu'ar da ba a amsa mini ba ke nan, don kafin in gama aiti waƙar ta cika tashar mota, ta cika shagunan aski, 'yan acaɓa na yin fito da ita. Oga ya sa mini hannu, ya rubuta cewa ni yarinya ce mai ladabi da biyayya. Bai yi ƙarya ba.

Mama a kasuwar Kwoi ta ji. Ta kai citta, tana tsaye ana auna mata buhu, mai sayar da kaset ya turo baronsa da lasifika ya tsaya a gabanta, yara na binsa suna rawa. Matan da ke wurin sun ce ta bar buhun a kan sikeli ta kama hanyar gida a ƙafa, sai wata maƙwabciya ce ta karɓo mata kuɗinta. Ni ban san ta ji ba sai da na dawo. Na same ta a tsakar gida tana tankaɗe, na gaishe ta ta amsa, ta tambayi hanya, ta zuba mini abinci, ta jira na cinye. Sannan ta yi magana da yarenmu, wanda ba ta yi da ni sai magana ta kai magana.

"Na ji jana'izata a kasuwa. Ana rawa."

Na faɗi a ƙafafunta. Na fara cewa sace ta aka yi, sai ta ɗaga hannu.

"A cikinki na ajiye ta. Cikinki aka fasa?"

Na yi kuka har muryata ta dushe. Na ce ta yafe mini, ta yi wata, wannan karon ko za a yanka ni ba mai ji.

"Na yafe miki, tashi, ƙasa da sanyi. Amma wata kuma? Sau nawa mutum yake mutuwa, Alheri?"

Da ta zage ni, da ta kore ni, da na samu abin riƙewa. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta sayar da citta ta ƙarasa mini makaranta, ta yi rawa a bikina, ita ta yi mini wankan jego na manyanku, Godiya da Ishaku. Ba ta sake tayar da maganar ba, ba ta kuma gaya wa kowa ba sai aminiyarta Mama Kande, shugabar zumunta. Abu ɗaya ne ya canja: ta daina gunguni in tana tsaga citta. Ranar Talata takan je zumunta ta zauna a benci na baya ta yi amshin tsofaffin waƙoƙi, in mata suka ce ta kawo sabuwa sai ta ce rijiyar ta ƙafe. Ni kuma ban sake taka ƙofar wani situdiyo ba, ko ƙungiyar mawaƙan coci ban shiga ba. Mutane suka ce babanku ne ya hana ni, bawan Allah, shi da har roƙona yake in yi masa waƙa. Oga Bitrus ya gina bene, ya mutu da daraja, fastoci bakwai suka yi wa'azi a kansa. Sista Ladi tana nan da ranta, an ce a Abuja, har yanzu in an gayyace ta taro da waƙar take rufewa, tana ba da shaidar yadda Ruhu Mai Tsarki ya ba ta ita a cikin azumi.

Shekara goma sha ɗaya Mama ta ƙara. Da ta rasu, ranar jana'iza da safe, Mama Kande ta ja ni bayan rumbu. Ta tsufa sosai a lokacin, da sanda take tafiya.

"Yarinya na, maman ki ta bar saƙo. Ta ce ki tsaya a bakin ƙofa ki yi waƙan ta, yadda ta koya miki. Ta ce ba ta da wani waƙan."

Gidan ya cika har waje, mutane daga Kwoi, daga Kafanchan, 'yan uwan babanku daga Fadan Kaje, ga matasan coci sun kafa kibod da lasifika a ƙarƙashin mangwaro. Maza shida suka fito da akwatin. Na tsaya a bakin ƙofa, matan zumunta na bayana da anko, tulu a hannu, aka yi tsit. Na ja baitin farko a hankali, da ƙaramar murya, kamar yadda na ji shi a kan dutse. Na gama shanya, rana ta yi. Layi ɗaya aka bar mini. Ina shiga na biyu na ji wani a cikin taro ya ce, "A'a, waƙan Sista Ladi!" Mai kibod, yaron kirki, ya ɗauka taimakona zai yi, ya saki kiɗan kaset da duk saurinsa. Taro ya ɗauka gaba ɗaya, da tafi, da halleluyar da ba ta cikin waƙar, wasu na karkaɗa kafaɗa don jiki ya riga ya saba. Na ɗaga murya ina ƙoƙarin jawo su baya, ina yin baitocin nan biyu da aka yanke, ko ni ban ji kaina ba. Na waiga na ga Mama Kande ta kife tulunta a ƙasa ta ɗora hannu biyu a kan sanda. Haka aka kai uwata kabari, da kiɗan biki.

Bayan an rufe ta ana sallamar baƙi, wata malama da muke koyarwa tare ta zo ta rungume ni, idonta jawur, da zuciya ɗaya take magana.

"Kai, Malama Alheri, kin iya zaɓe. Waƙan Sista Ladin nan ya dace da Mama sosai, kamar don ita aka yi shi."

Na ce mata na gode.